Tawada: Daga Allon Almajiri Zuwa Ledar Kasuwa

Garin Malanville yana bakin kogin Kwara, a ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, yana kallon garin Gaya na ƙasar Nijar. Ya samo sunansa daga Henri Malan, ɗaya daga cikin gwamnonin Faransa a Dahomey, kuma gadar da aka gina a 1958 ita ta mayar da shi ƙofar kayan da ke tasowa daga tashar jiragen ruwan Kwatano zuwa ƙasashen Sahel. A kasuwarsa Dendawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa suke cinikin albasa da shinkafa da hatsi. Kusa da su kuma akwai tulin kayan masana'antu: ledar taliya, kwalin madara, buhun sukari, ledar ruwan sha, kowanne da rubutu da launi a jikinsa. A unguwannin garin kuwa almajirai suna tsoma alƙalami cikin kurtu suna rubuta allo. Tawada iri biyu ke nan a gari guda, kuma tarihinsu ya haɗu a kan tambayoyi biyu: me zai riƙe launi a inda aka ɗora shi, kuma me zai faru idan ya shiga cikin ɗan Adam?

Ita kanta kalmar tawada baƙuwa ce. Asalinta Larabci ne, "dawāt", wato mazubin tawada, kuma masana harshe suna ganin ta iso Hausa ta bakin Abzinawa, shi ya sa ta ɗauko "ta" a farkonta. Allo da alƙalami su ma daga Larabci suke. Kayan haɗin ne na gida. Malamai sukan daka gawayi ko su kankare baƙin tukunya, su jiƙa da ruwa, su zuba ƙaro. Ƙaro shi ne sirrin aikin: yana narkewa a ruwa, yana hana ƙurar gawayin kwanciya a gindin kurtu, idan ruwan ya bushe kuma ya manne baƙin a jikin allo. Mafi kyawunsa daga itacen dakwara yake fitowa. A harshen masu ilmin sinadarai na yau, ƙaro polima ne, wato abin da aka gina da ƙananan ƙwayoyi masu yawa da suka sarƙafu suka zama doguwar sarƙa. Ashe tawadar ruwa mai ɗauke da polima daɗaɗɗiya ce a ƙasar Hausa.

Rauninta kuma shi ne amfaninta. Tun da ruwa ya narkar da ƙaron tun farko, ruwa zai sake narkar da shi, don haka ɗalibi yake wanke allonsa idan ya haddace, ya rubuta na gaba. Saboda haka ne kuma rubutun sha ya yiwu, domin gawayi da ƙaro ba guba ba ne; har yau masana'antun abinci na duniya suna sa ƙaro a alewa da lemon kwalba. Idan ana son rubutu mai daɗewa a takarda, sai a koma ga wata dabara: a jiƙa 'ya'yan bagaruwa, waɗanda majema ke jima da su, a haɗa da ƙarfe ko kashin maƙera. Sinadarin bagaruwa ya gamu da ƙarfe ya haifar da baƙin da ke kama takarda. Da ire-iren waɗannan tawadodi aka rubuta littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahi da Muhammadu Bello, galibi a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku da fatake ke kawowa ta hamada.

Injin ɗab'i ya zo da buƙata dabam. Tawadar ruwa ba ta zama a kan harafin ƙarfe, don haka Gutenberg, wajen 1450, ya yi aiki da tawadar mai. Ita ta biyo injinan da suka shigo Nijeriya, daga Kalaba a 1846 zuwa Abeokuta, inda Henry Townsend ya fara jaridar Iwe Irohin a 1859. A Arewa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. Tawadar mai tana shiga jikin takarda ta bushe a hankali, kuma hakan ya wadatar da jarida da littafi.

Leda kuwa ba ta shan komai. Masu buga kayan ƙunshe abinci sun daɗe suna aiki da farantin roba da tawada mai saurin bushewa, dabarar da aka fara a Liverpool ta Ingila a 1890, aka riƙa kiranta ɗab'in anilin saboda rinin da ke cikinta. Tsoron gubar wannan rini ya ɓata sunan sana'ar a Amurka, har masu ita suka sauya mata suna zuwa filekso a 1952. Duk da haka matsala ta rage: tawadar tana bushewa ne ta hanyar fitar da tururin sinadarai irin su giyar masana'antu, waɗanda ke kama wuta, suna gurɓata iska, suna cutar da ma'aikata.

Wajen 1970 aka fara sayar da tawadar da haske ke daskarar da ita. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin akirilet da wani sinadari mai jiran haske. Da zarar fitilar UV ta haska, sinadarin ya tsage, ya tayar da ƙwayoyin, su kama juna su zama raga mai tauri cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Babu tururi, babu jira. Amma kowane allazi da nasa amanu. Ƙwayoyin da ba su shiga ragar ba sukan yi tafiya, musamman idan an naɗe leda ko kwali, fuskar da aka buga ta taɓa fuskar da za ta taɓa abinci. A Nuwamban 2005 hukumomin Italiya suka kwashe madarar jarirai ta kamfanin Nestlé daga kasuwa, bayan an gano sinadarin ITX na tawadar kwalin a cikin madarar. A 2009 aka sake samun wani ɗan'uwansa a cikin hatsin karin kumallo a Turai. Daga 2010 ƙasar Suwizalan ta fara aiki da jerin sinadaran da ta yarda a sa a tawadar kayan abinci.

Wannan ne ya ƙarfafa binciken da ke neman haɗa ruwa da haske. Ana ɗaukar polima irin foliyuretan, wanda Otto Bayer ya ƙirƙiro a Jamus a 1937, a gina shi da dogayen sarƙoƙi, a maƙala masa hannuwan akirilet, a kuma sa masa ɓangarori masu son ruwa domin ya watsu a cikinsa. Ruwa ne ke tsinka tawadar, don haka an rage buƙatar ƙananan ƙwayoyin nan masu yawo. Bayan bugu sai a busar da ruwan da iska mai ɗumi, sannan haske ya ɗaure sarƙoƙin, ta yadda ruwa ba zai sake narkar da su ba. Doguwar sarƙa ba ta iya ratsa leda da sauƙi. Wahalhalun da suka rage sanannu ne: ruwa yana jinkirin bushewa, yana kuma dunƙulewa a kan ledar foliyetilin sai an gasa fuskarta da tartsatsin lantarki, baƙin launi kuma yana tare haske. Fitilun LED suna maye gurbin fitilun zaiba, waɗanda ke cin wuta da yawa suna kuma ɗauke da guba.

Mutanen Malanville ba su kafa masana'antar tawada ba, amma sakamakon wannan bincike a hannunsu yake sauka. Kayan da ke isa can sukan kwana a cikin manyan motoci, su yini a ƙarƙashin rana a lokacin bazara, zafi kuwa yana hanzarta tafiyar sinadari daga mazubi zuwa abinci. Mai tuyar ƙosai da mai tsire sukan ƙunshe abinci mai maiƙo a tsohuwar jarida ko takardar siminti, wadda ba a buga ta domin ta taɓa abinci ba. Dokar Benin ta Disamban 2017 ta haramta ledar da ba ta ruɓewa, kuma duk lokacin da aka koma ga takarda da kwali, batun tawadar da ke kansu yana ƙara nauyi, domin kwali ba ya tare sinadarai kamar gwangwani ko kwalba.

Malamin allo ya zaɓi kayan tawadarsa yana sane da cewa wani zai sha ta. Masana'antun zamani sun shafe shekaru suna buga mazubin abinci kafin madarar jarirai ta tilasta musu yin irin wannan lissafi. Bambancin da ya rage shi ne ana so tawadar allo ta fita da ruwa, ta leda kuma ta zo da ruwa ta ƙi fita, ko da kwalin ya kwana uku a layin motocin bakin gada.