Inshorar Rai da Rikicin Gado: Abin da Kotu Take Dubawa

Inshorar rai yarjejeniya ce tsakanin kamfanin inshora da mutum, ko wurin aikinsa, cewa idan ya mutu za a biya wani adadin kuɗi ga wanda aka rubuta sunansa. A Samaru da Sabon Garin Zariya wannan ya shafi gidajen masu bi da yawa, domin yawancinsu ma'aikata ne a Jami'ar Ahmadu Bello, Asibitin Koyarwa na Shika, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, ko bankuna. Wasu ba su ma san suna da inshora ba. Sai bayan jana'iza labarin kuɗin yake fitowa, daga nan gwauruwa da dangin miji su fara kallon juna.

Kuɗi iri biyu ne

Dokar Fansho ta 2014 ta tilasta wa wurin aiki ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza albashinsa na shekara sau uku ba. Idan bai yi ba, ma'aikacin kuma ya mutu yana bakin aiki, nauyin biyan yana kan wurin aikin. Sashe na 8 na dokar ya ce kamfanin inshora zai biya kuɗin ga wanda marigayin ya rubuta sunansa a matsayin mai karɓa.

Kuɗin da ya taru a asusun fansho hanyarsa dabam ce. Kamfanin fansho ba zai sake shi ba sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, hukumar PenCom kuma ta amince. Iyalai da yawa suna haɗa kuɗin nan biyu wuri ɗaya a taron gida su raba da baki, alhali doka ta riga ta raba musu hanya.

Inda ake yawan yin tuntuɓe

A fom ɗin ɗaukar aiki akwai gurbin "ɗan'uwa mafi kusa". Wannan shi ne wanda za a nema idan wani abu ya faru. Sunansa a gurbin nan kaɗai bai mai da shi magaji ba. Saurayi ya kama aiki, ya rubuta sunan wansa ko mahaifiyarsa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, bai koma kan fom ɗin ba. Idan gurbin ɗan'uwa mafi kusa ne kawai, wan ba shi da ikon riƙe kuɗin. Amma idan sunan wan ne a gurbin mai karɓar kuɗin inshora, matar tana da babban aiki a gabanta. Alƙali takarda yake dubawa. Maganar "ai kowa ya san nufinsa" ba ta da nauyi sai da hujja, misali cewa sa hannun na jabu ne, ko an canza sunan sa'ad da marigayin ba ya cikin hayyacinsa, ko akwai sabon fom da aka ɓoye.

Irin auren ma yana shiga ciki. Auren da aka ɗaura ƙarƙashin Dokar Aure, a ofishin rajista ko a majami'ar da ke da lasisi, na mace ɗaya ne, kuma yawanci doka ce take raba gadonsa, ba al'ada ba. Sa albarka a majami'a bisa auren gargajiya, ba tare da takardar rajista ba, bai mai da shi auren doka ba. Abin takaici ne yadda ma'aurata da yawa ba su san wanne ne nasu ba.

A kotu

Ana neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci a sashen rajistar gado na Babbar Kotun Jiha. Ana kai shaidar mutuwa, shaidar aure, da lissafin dukiya, a biya kuɗin kotu gwargwadon darajarta. Ana buga sanarwa a jarida a ba da wa'adi. Idan wani ya shigar da ƙin yarda, ba za a ba da takardar ba sai an saurari ɓangarorin biyu, abin da kan ci watanni ko shekaru, kuɗin makarantar marayu kuwa ba ya jira. Jihar Kaduna tana da Kotunan Gargajiya don gadon da ke bin al'ada. Idan mutum biyu suna ja a kan kuɗin inshora ɗaya, kamfanin yana iya riƙe shi ya roƙi kotu ta faɗi mai shi. Idan kuwa kamfanin ne yake jan ƙafa, ana iya kai kuka ga hukumar NAICOM kafin a ɗauki lauya.

A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu da ya kamata dattawan ikilisiya su sani. A shari'ar Ukeje da Ukeje ta rushe al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, bisa sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki. A shari'ar Anekwe da Nweke ta yi tir da al'adar korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta haifi ɗa namiji ba. Dukansu a kan al'adun Ibo aka yi su, amma hukuncin Kotun Ƙoli yana ɗaure kowace kotu a Nijeriya. Sashe na 42 ɗin ya kuma hana a tauye wa yaro haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa, don haka ɗan da aka haifa a waje, in an tabbatar na marigayin ne, yana da rabo a dukiyar gado, ko da hakan ya yi wa uwargida zafi.

Matsayin ikilisiya

A 1 Korintiyawa 6 Bulus ya tsawata wa masu bi da ke jan juna zuwa kotu, ya kuma tsawata wa masu cutar 'yan'uwansu a wuri guda ɗin. Kuskure ne a karanta wa gwauruwa rabin farko don ta yi shiru, a bar rabi na biyu. Neman takardar izini daga kotu ba ƙarar ɗan'uwa ba ce, ƙa'ida ce da banki da kamfanin fansho suke bukata. A Littafin Ƙidaya 27 'ya'yan Zelofehad mata sun kawo maganar gadonsu a fili, aka kuwa ba su gaskiya.

Fasto da dattawa suna iya zaunar da iyali kafin magana ta yi tsami, amma ba su da ikon canza sunan da ke kan takardar inshora. Wanda aka rubuta sunansa ne kaɗai zai iya yarda ya raba da marayu. Idan an daidaita, a rubuta, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Idan ƙara tana gaban alƙali, lauyoyi su miƙa masa yarjejeniyar ya mai da ita hukuncin kotu.