Gubar Agent Orange: Shekarun Da Tsofaffin Sojoji Suka Yi Suna Neman A Yarda Da Ciwonsu

Mai karatu, idan ka taɓa tambayar likita abin da ya jawo ciwon wani naka, ka san ɗacin amsar da ake yawan bayarwa, wato ba za a iya tabbatarwa ba. Dubban iyalai a Amurka sun sha wannan amsa bayan yaƙin Biyetnam.

Daga 1962 zuwa 1971 sojan Amurka ya yi feshin maganin kashe tsirrai kimanin galan miliyan 19 a dazuzzuka da gonakin Biyetnam, domin ganye ya zube, abokan gaba su rasa maɓoya da abinci. Mafi yawansa shi ne wanda aka laƙaba wa suna Agent Orange, saboda zanen ruwan lemo da ke jikin gangunansa. Haɗi ne na magunguna biyu, 2,4-D da 2,4,5-T, kuma wajen sarrafa na biyun ne wata guba mai suna dayoksin ta gurɓata shi. Ita wannan guba a kitse take laɓewa, sai jiki ya yi shekara 7 zuwa 11 kafin ya fitar da rabinta.

Da sojoji suka koma gida, sai wasu suka fara fama da munanan ƙuraje, wasu da ciwon daji tun suna samari. A 1977 wata ma'aikaciyar hukumar kula da tsofaffin sojoji a birnin Chicago, Maude DeVictor, ta lura koke-koken sun yi kama da juna, ta shiga tattara su. Paul Reutershan, wanda ya yi aiki a jirgi mai saukar ungulu, ya kai kamfanonin da suka yi maganin ƙara, amma daji ya kashe shi a 1978 yana da shekara 28.

Hukuma ta ce kowa ya kawo hujjar cewa gubar ce ta cutar da shi. A nan gizo ke saƙar. Ba a rubuta yawan gubar da ta taɓa kowane soja ba. Daji yakan yi shekaru kafin ya bayyana, kuma yana kama wanda bai taɓa zuwa fagen fama ba. Bincike yana iya nuna cuta ta yi yawa a cikin jama'a, amma da wuya ya yanke hukunci a kan mutum guda. A 1984 kamfanoni bakwai, ciki har da Dow da Monsanto, suka biya dala miliyan 180 don a janye ƙara, ba tare da sun amsa laifi ba.

Sauyin gaskiya ya zo a 1991, lokacin da aka kafa dokar da ta sauke wa majinyaci nauyin kawo hujja. Duk wanda ya yi aiki a Biyetnam a wancan zamani, kuma ya kamu da ɗaya daga cikin cututtukan da aka jera, za a ɗauka daga bakin aiki ciwon ya samo asali. An ɗora wa kwamitin masana alhakin bitar bincike a kai a kai, jerin kuma ya ci gaba da tsawo: ciwon suga a 2001, cutar Parkinson da ciwon toshewar jijiyoyin zuciya a 2010, hawan jini a 2022. Da yawa sun rasu kafin a sa cutarsu a jerin. Mutanen Biyetnam kuwa, da aka yi feshin a kan ƙasarsu, sai a 2018 aka gama tsabtace gubar a filin jirgin Da Nang.

To, idan a gidanku akwai wanda ya yi soja, ko wani aiki cikin hayaƙi da sinadarai, kada ku jira ciwo ya zo. Ku rubuta inda ya yi aiki, da shekarun, da abin da ya shaƙa ko ya taɓa, tun yana iya tunawa. Ku adana takardun aiki da na asibiti wuri guda. Ku gaya wa likita wannan tarihi ko bai tambaya ba, domin yana iya sauya gwajin da zai sa a yi. Kuma kada neman sanadin ciwo ya jinkirta magani: ciwon suga da hawan jini ana kula da su kamar yadda aka saba, ko gubar ce ta jawo su ko ba ita ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.