Airis

airis (suna, namiji): dangin tsirrai masu ganye kamar takobi da furanni launi-launi, kusan iri 300, galibinsu a Turai, Asiya da Arewacin Amurka. Asalin kalmar Girkanci ne, ma'anarta bakan gizo. Carl Linnaeus ya tabbatar da sunan a littafinsa Species Plantarum na 1753. Sunan kowane iri yana rataye ne a kan samfurin asali, wato galibi busasshen tsiro da aka manna a takarda aka adana. In gardama ta tashi, shi ake dubawa. Tun daga 1958, sabon suna ba ya karɓuwa sai an ambaci samfurinsa. Abin mamaki, Iris germanica, wakilin dangin kansa, ruwa biyu ne.