Cacar Kirsimeti a Sifaniya da Tarihin Tarayya a Kan Lamba Ɗaya

Cacar ƙuri'a, wato cacar da ake sayar wa jama'a tikiti mai lamba sannan a zaro lambobin da suka yi nasara a bainar jama'a, tsohuwar hanya ce da gwamnatocin Turai suka bi wajen tara kuɗi ba tare da sun ɗora sabon haraji ba, amma da wuya a sami ƙasar da wannan abu ya shiga jinin al'ummarta kamar Sifaniya. A kowace ranar 22 ga Disamba ana gudanar da babbar ƙuri'ar Kirsimeti a birnin Madrid, kuma masu bincike sun kiyasta cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na manyan mutanen ƙasar suna da hannu a cikinta, har da waɗanda ba sa kusantar kowace irin caca a sauran watannin shekara. Kyautar farko ita ake kira El Gordo, ma'ana ƙato, kuma abin da ya bambanta ta da makamantanta a wasu ƙasashe shi ne ba ta cika faɗawa hannun mutum ɗaya ba, gari guda ko unguwa guda ko ma'aikatan wuri guda take lulluɓewa.

Asalin cacar gwamnati a ƙasar yana komawa ga shekarar 1763, lokacin da Sarki Carlos na Uku, wanda ya taɓa mulkin Naples a Italiya, ya shigo da irin wadda ya gani a can, inda mai wasa yake zaɓen lambobinsa da kansa. Wadda ta haifi ƙuri'ar Kirsimeti kuwa a cikin yaƙi aka kafa ta, domin a 1811, sa'ad da sojojin Napoleon na Faransa suka mamaye yawancin ƙasar, majalisar da ta fake a birnin Kadis ta amince da shawarar wani jami'i mai suna Ciriaco González Carvajal ta a ƙirƙiro cacar da ake buga lambobinta tun kafin a sayar, don a cike baitulmalin da yaƙi ya kwashe. An yi zarin farko a ranar 4 ga Maris 1812, aka yi na Disamba a ranar 18 ga watan a shekarar, kuma bayan janyewar Faransawa aka mayar da hedikwatar cacar Madrid a 1814. Sunan ƙuri'ar Kirsimeti bai tabbata a hukumance ba sai a ƙarshen ƙarni na 19, kuma ko yaƙin basasa bai tsayar da ita ba, domin a 1938 ɓangarorin biyu kowanne ya yi tasa, ɗaya a Barcelona, ɗaya a Burgos.

Ba za a fahimci zumuɗin da ke tattare da wannan ƙuri'a ba sai an fahimci yadda aka gina tikitinta. Tun daga 2011 lambobi 100,000 ne ake wasa da su, daga 00000 zuwa 99999, sai dai kowace lamba ana buga ta sau da yawa, kuma kowane bugu guda na dukkan lambobin shi ake kira serie, wato jeri; a 2024 jeri 193 aka buga. Cikakken tikiti yana kan yuro 200, amma an kasa shi gida goma, kuma kashi ɗaya daga ciki, wanda ake kira décimo, shi ne ake saya a kan yuro 20. Kyautar farko yuro miliyan 4 ce ga kowane cikakken tikiti, wato yuro 400,000 ga kowane décimo, don haka a 2024 lamba ɗaya tak ta ɗauki yuro miliyan 772 da aka rarraba a kan ƙananan tikiti 1,930. Tun da yake an saba ba wa shagon sayar da tikiti ɗaya kaso mai yawa na lamba guda, wani lokaci ma dukkanta, duk inda lambar ta faɗa sai dukiyar ta sauka a kan maƙwabtan da suka san juna, masu ciniki a kasuwa ɗaya, waɗanda 'ya'yansu suke makaranta ɗaya.

A ƙarƙashin décimo akwai wani rabon da jama'a suka ƙirƙiro da kansu, wanda ake kira participación, wato takardar shaida da ke nuna cewa mai riƙe da ita yana da kason 'yan yuro kaɗan a cikin tikitin da wani yake ajiye da shi. Masanin zamantakewa Roberto Garvía ya danganta yaɗuwar wannan al'ada da sauye-sauyen shekarun 1860, lokacin da gwamnati ta soke tsohuwar cacar Carlos na Uku mai arha a 1862, aka bar talaka da tikitin da ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya koma haɗa kuɗi da 'yan'uwa da abokan aiki. Dabarar da rashi ya haifar ba ta gushe ba bayan da mutane suka sami hali, sai ma ta hau sama zuwa ga masu dukiya, ta zama hanyar sada zumunci. A yau ƙungiyoyin ƙwallo na unguwa da majami'u da ƙungiyoyin mata da masu shagunan shan gahawa suna sayen lamba su sayar da kasonta, galibi da ɗan ƙarin kuɗi da ke shiga asusun ƙungiya, kuma dangi suna musayar tikiti a matsayin kyautar ƙarshen shekara. A zahiri abin ya yi kama da adashe, tun da amana ce take riƙe shi kuma da sani ake shiga, amma kamanceceniyar ta tsaya a nan, domin a adashe kowa yana kwasar abin da ya zuba, a nan kuwa kashi 70 cikin ɗari ne kawai na kuɗin tikiti yake komawa ga masu wasa, sauran ya tafi ga baitulmali da masu sayarwa da hidimar gudanarwa.

Daga wannan tsari ne wani matsin lamba ya taso wanda ya fi kwaɗayin arziki ƙarfi, wato tsoron kada mutum ya wayi gari shi kaɗai aka bari a baya alhali duk abokan aikinsa sun yi kuɗi. Abin da ya faru a ƙauyen Sodeto na lardin Huesca a 2011 ya nuna cewa tsoron yana da tushe. Ƙungiyar matan gida ta wannan ƙauye na manoma, mai mutane kimanin 250, ta sayo lamba 58268 daga garin Grañén da ke kusa, ta bi gida-gida tana sayar da kaso, kuma da lambar ta ci kyautar farko, a daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasar yake cikin mawuyacin hali, kowane gida ya samu ban da guda ɗaya da masu tallar suka tsallake. Irin wannan labari ya fi kowace talla tasiri, kuma a nan ne ya kamata a yi wa gwamnati tambaya mai nauyi, domin hukumar da ke cin riba daga kunyar da mutum yake ji ya ce wa maƙwabcinsa a'a tana karɓar haraji ne ta ƙofar baya, kuma yuro 20 ya fi yi wa mai ƙaramin albashi ciwo fiye da attajiri.

Bikin zarin kansa ya daɗe bai sauya ba. Yaran makarantar San Ildefonso ta Madrid, wadda asalinta gidan marayu ne, su ne suke rera lambobin cacar gwamnati tun 1771, kuma sai a 1984 'yan mata suka shiga cikinsu. A dandalin Teatro Real, inda ake yin zarin tun 2012, ana kafa manyan kwanduna biyu na ƙarfe masu juyawa, babban yana ɗauke da ƙananan ƙwallayen katako 100,000 masu lambobi, ƙaramin kuma yana ɗauke da 1,807 masu kyaututtuka, sai yaro ɗaya ya rera lamba, ɗayan ya amsa da adadin kuɗin da ta ci. Mafi yawan ƙwallayen, guda 1,794, na ƙaramar kyauta ce ta yuro 1,000 ga cikakken tikiti, wadda ake kira pedrea, wato ruwan tsakuwa, shi ya sa amshi ɗaya yake ta maimaituwa na tsawon sa'o'i a rediyo da talabijin, a gidaje da ofisoshi, har mutanen ƙasar suke ɗaukar wannan sauti a matsayin farkon hutun Kirsimeti. Babu wanda ya san lokacin da ƙaton zai fito, yana iya zuwa a mintunan farko, yana iya jira har kusan ƙarshe, kuma da zarar ya fito 'yan jarida sukan ruga zuwa shagon da ya sayar da lambar, inda mutane suke taruwa a titi ana murna. Waɗanda ba su samu ba, wato kusan kowa, sukan rarrashi juna da cewa lafiya ce ta fi, har ana yi wa ranar laƙabi da ranar lafiya.

Da yake sa'a a idon jama'a ta ɗauru da wuri, sai camfi ya biyo baya. Shagon Doña Manolita na Madrid, wanda aka buɗe a 1904, yakan tara layin da ke zagaye titi, kuma garin Sort na yankin Kataloniya, wanda sunansa yake nufin sa'a a harshen yankin, ya zama wurin ziyara saboda shagon La Bruixa d'Or, ko da yake shagon da ya sayar da tikiti masu yawa dole ne ya fi yawan samun nasara, babu wani sirri a ciki. Tun daga watan Yuli ake fara sayarwa domin masu yawon hutun bazara su sayo lamba daga garin da suka ziyarta, kuma mutane sukan nemi lambobin yankin da ambaliya ko wata masifa ta afka wa, bisa imanin cewa sa'a takan biya diyya.

Gwamnati ta ƙara wa kanta kaso a 2013 da ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan manyan kyaututtuka, kuma a wannan shekarar ce gwamnatin Kataloniya ta ƙaddamar da tata ƙuri'ar ta ƙarshen shekara, La Grossa, wadda ake zara a ranar 31 ga Disamba, da hujjar cewa ribarta za ta tsaya a yankin don ayyukan jin ƙai. Tasirin ƙaton ya kai har rumfar zaɓe, domin masana tattalin arziki Manuel Bagues da Berta Esteve-Volart sun gano cewa jam'iyyar da ke kan mulki takan sami ƙarin ƙuri'u a lardunan da kyautar ta sauka, duk da cewa masu zaɓen sun san sarai ba gwamnati ce ta zaro lambar ba.