Yadda Ɗan Kano Ya Wayi Gari a Frankfurt

A ranar 4 ga Yunin 2021, ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter a Najeriya, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Washegari kamfanonin sadarwa suka toshe shafin. Kafin mako ya zagayo, kalmar VPN ta shiga bakin mutanen da ba su taɓa jin ta ba, duk da barazanar gurfanarwa da ministan shari'a Abubakar Malami ya yi wa masu zagaye dokar.

Ba don haka aka ƙirƙiro VPN ba. A tsakiyar shekarun 1990 aka samar da ita domin ma'aikaci ya shiga kwamfutocin ofishinsu daga nesa ba tare da wani ya leƙa abin da yake aikawa ba. Tana ɗaukar saƙon mutum ta bi da shi ta wata na'ura a wata ƙasa, sai duniya ta ga adireshin waccan na'urar maimakon nasa.

A nan gizo ke saƙa. Bankuna da kamfanonin imel sun daɗe suna lura da inda mai asusu ya saba shigowa. Wanda ya duba kuɗinsa a Kano da hantsi, sannan ya bayyana a Frankfurt kafin azahar, ya yi tafiyar da jirgi ba ya yi, kuma haka ɓarawon da ya saci kalmar sirri yake bayyana. Ga shi VPN na kyauta kan tara jama'a masu yawa a adireshi guda, har da 'yan damfara, sai laifin wani ya shafi wani. Na'urar tsaro ba ta san siyasar Abuja ba. Sai ta rufe asusun ko ta nemi lambar da aka tura ta waya. Mai layinsa a hannu kan wuce cikin minti ɗaya. Wanda layinsa ya ɓata, sai zaryar banki, alhali laifinsa kawai mantuwar kashe VPN bayan ya gama karanta labarai.

An ɗage takunkumin ranar 13 ga Janairun 2022, bayan kwana 222. A watan Yulin shekarar, kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa doka.