Bangon Katako A Ɗakin Ƙasa: Yadda Masu Hawan Dutse Suka Shigo Da Dutse Cikin Gida

Shirin yau wani mai sauraro ne ya jawo shi. Ya turo mini ɗan gajeren bidiyo na wani saurayi a cikin ƙaramin ɗaki, ya maƙale a jikin wani allon katako da ya karkato ta kansa kamar zai faɗo masa, yana tsalle daga wannan ɗan mariƙi zuwa wancan, a ƙasa kuma an shimfiɗa tsofaffin katifu. Sai ya tambaye ni, wai wannan motsa jiki ne ko neman karaya? Na yi dariya, amma da na bi diddigin abin sai na tarar da tarihi mai daɗi a bayansa, tarihin da ruwan sama da rashin kuɗi da ƙarancin wuri suka haɗu suka rubuta.

Da farko, ga wanda bai sani ba, hawan dutse wasa ne mai zaman kansa. Ya shiga gasar Olamfik a karon farko a birnin Tokyo, a watan Agustan 2021, inda Janja Garnbret 'yar ƙasar Sulobeniya ta ɗauki zinare a ɓangaren mata. To amma shekaru aru-aru kafin nan, wanda ke son ya iya hawan dutse, dutsen yake zuwa. Babu wani atisaye sai hawan kansa. In damina ta zo ko sanyi ya sauka, sai a zauna gida a jira.

Ana yawan ambaton wani tsibin duwatsu da aka gina a birnin Seattle na Amurka a 1939, wanda ake kira Schurman Rock, a matsayin na farko da mutum ya gina da hannunsa don koyon hawa. Amma shi a fili yake, a waje. Labarin shigowa cikin gini ya fara ne a Ingila, a garin Leeds. Masu kallon ƙwallo kun san sunan. A 1964 wani malamin motsa jiki a Jami'ar Leeds mai suna Don Robinson ya lura cewa masu hawa sun fi jin rauni a farkon kakar hawa, bayan sun shafe watannin hunturu jiki ya yi sanyi. Sai ya samu wani bangon bulo a wani lungu na jami'ar, ya liƙa gutsattsarin duwatsu a jikinsa da siminti, ya ƙwaƙule wasu wurare don yatsu su samu shiga. Shi ke nan fa. Ba wani abin kallo ba ne.

Mutane ba su ɗauki abin da muhimmanci ba sai da wani ɗalibi, John Syrett, wanda kusan duk hawansa a jikin wannan bango ya koya, ya fita waje wajen 1970 ya riƙa haye hanyoyin da tsofaffin hannu ke jin tsoro. Nan ne aka gane cewa ƙarfin da aka tara a jikin bulo yana aiki a jikin dutsen gaske.

To yanzu mu gangara kudu kaɗan zuwa Sheffield, don a nan ne ainihin labarinmu yake. Sheffield garin ƙarfe ne, kuma a shekarun 1980 masana'antun ƙarfen suka durƙushe, aiki ya yi wuya, haya ta yi araha. A gefen garin kuma akwai yankin duwatsu da ake kira Peak District. Sai samari masu son hawa daga sassan Birtaniya suka riƙa tarewa a can, da yawansu ba su da aikin yi, suna rayuwa a kan ɗan tallafin da gwamnati ke ba marasa aiki. Lokaci kam suna da shi har ya yi yawa. Matsalarsu ɗaya ce: ruwan sama. Ƙasar nan ruwa ba ya jin kunyar sauka, kuma jiƙaƙƙen dutse ba ya hawuwa.

Tsofaffin gidajen Sheffield da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, inda a da ake ajiye kwal na ɗumama gida. Ɗaki ne mai duhu, mai danshi, rufinsa a kusa da kai. A irin waɗannan ɗakuna ne samarin, cikinsu har da Jerry Moffatt da Ben Moon waɗanda suka zama fitattu a duniya, suka riƙa atisaye a jikin allunan katako da aka kafa da hannu. Mariƙan kuwa guntayen katako ne, irin ragowar da kafinta ke zubarwa, a goge su da sanfefa a ɗaure da sukuru.

Ku tsaya ku ji dabarar da ta sa abin ya yi aiki, don a ganina ita ce zuciyar tarihin nan gaba ɗaya. Ɗakin gajere ne. In ka kafa allon a tsaye cak, taku biyu kanka ya bugi rufi. Sai suka karkato shi, samansa ya rinjayo ta kan mai hawa. Lissafin ba wuya: ɗakin da tsayinsa mita 2.4 ne, in ka karkata allon da digiri 45, za ka samu fuskar hawa ta kusan mita 3.4. Sun yi hakan ne don neman wuri, amma sai aka ci riba biyu. A bangon da yake tsaye, ƙafafu ne ke ɗauke da yawancin nauyinka. Da zarar ya karkato, nauyin ya koma kan yatsu da kafaɗu da tsokar ciki, kuma ƙafarka na zamewa jikinka zai yi lilo ya fizge ka. Wato ƙuncin ɗakin ne ya tilasta musu irin atisayen da ya fi kowanne gina ƙarfi. Da a ce suna da kuɗi da babban zaure, ina zaton da dogon bango a tsaye za su gina, su yi ta hawa cikin jin daɗi ba tare da sun kai inda suka kai ba.

A 1990 Ben Moon ya haye wata gajeriyar hanya a dutsen Raven Tor, ya sa mata suna Hubble. Gajeriya ce ƙwarai, wahalarta duk a 'yan motsi kaɗan take, kuma a lokacin ana lissafa ta cikin mafi wuya a duniya. Abin da ya biyo baya shi ya fi burge ni. Wani yaro a garin Dunbar na Sikotlan, Malcolm Smith, yana nesa da wannan dutse, sai ya kafa allo a ɗakin kwanansa, ya jera mariƙai ya kwaikwayi motsin Hubble. Ya yi ta maimaitawa. A 1992, yana ɗan shekara 18, ya je ya haye ta, shi ne mutum na biyu da ya taɓa yi. Daga ɗakin kwana fa.

A daidai wannan zamani a Jamus, Wolfgang Güllich yana fama da tasa matsalar. Akwai wata hanya a yankin Frankenjura wadda mariƙanta ramuka ne da yatsa ɗaya ko biyu kawai ke shiga, ga kuma tsalle a farkonta. A 1988, a wani gidan motsa jiki a Nuremberg, ya ƙirƙiro wani allo mai jerin siraran katakai kamar tsani, ana hawansa da hannu zalla, ƙafafu na reto. Sunan gidan motsa jikin ne ya bi allon, har yau campus board ake ce masa. A 1991 ya haye hanyar, Action Directe. Ga masu son fim, shi ne ya yi wa Sylvester Stallone, wato Rambo, wasu wuraren hawa masu haɗari a fim ɗin Cliffhanger. Bai ga fitowar fim ɗin ba, ya rasu a 1992 sakamakon haɗarin mota yana da shekara 31.

Mu koma Sheffield. A 1993 wasu masu hawa suka samu ɗaki a wata tsohuwar makaranta suka kafa alluna a ciki, aka riƙa kiran wurin School Room. Allon da ya fi suna a ciki karkatarsa digiri 50 ce. Daga wannan ɗaki ne tunani ya zo wa Moon: me zai hana a yi allo mai ma'auni guda, wanda kowa zai iya ginawa a gidansa iri ɗaya sak? A 2005 ya fito da MoonBoard. Faɗinsa mita 2.44, tsawonsa mita 3.15, karkatarsa digiri 40, da layuka 11 a tsaye da 18 a kwance, kowane mariƙi da gurbinsa da inda zai fuskanta. A 2016 aka haɗa shi da manhajar waya da ƙananan fitilu: ka zaɓi hanya a wayarka, fitilun mariƙan da za ka taɓa su kunna. Mutum a Japan ya tsara hanya da safe, wani a Birazil ya gwada ta da yamma, a kan allo iri ɗaya. Daga baya wasu kamfanoni suka fito da nasu, irin su Kilter da Tension. Da kullen korona ya zo a 2020 aka rufe wuraren motsa jiki, sai mutane a Turai da Amurka suka koma gareji da bayan gida suna kafa alluna, kamar dai samarin Sheffield shekara talatin da suka wuce.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ginin bai canza sosai ba. Har yau firam ne na katako mai ƙwari da aka ɗaure a jikin gini ko aka tokare shi da ƙafafu, a rufe shi da allon katako mai kaurin milimita 18, a huda ramuka a jere, a dasa noti ta baya yadda za a iya kwance mariƙi a sauya masa wuri. Duk kafintan da ya iya rufin gida zai gane aikin da kallo ɗaya. Inda ake kuskure shi ne wajen ɗaurin sama, domin allon da ya karkata kullum nauyinsa da na mai hawa suna jan sa ya rabu da bango, ƙusa kaɗai ba ta riƙe shi.

Sai batun tambayar mai sauraronmu, ko neman karaya ne. Faɗuwa kam dole ce, shi ya sa ake shimfiɗa katifa, kuma a kula kada a bar rata tsakanin katifu biyu, don nan idon sawu ke faɗawa ya gurɗe. Amma raunin da ya fi addabar masu wannan atisaye a yatsu yake. Tsoka tana ƙarfi cikin makonni, jijiyoyin yatsu kuwa sai a hankali, watanni har shekaru. Sai mutum ya ji hannunsa ya yi ƙarfi, ya damƙi ɗan siririn mariƙi da dukkan nauyinsa, wata 'yar jijiya da ke riƙe da babbar jijiyar a jikin ƙashin yatsa ta tsinke, wani lokaci har a ji ƙararta. Likitocin wasanni kuma suna gargaɗin kada yaran da ƙashinsu bai gama girma ba su hau allon Güllich, domin yana iya lalata musu gaɓoɓin yatsu. Ni kaina da nake shirya wannan shiri na ce bari in gwada rataya a saman ƙofar ɗakina da yatsu. Ban kai ƙirga goma ba na sauko, kuma na kwana biyu ina jin abin a hannuna in zan riƙe kofin shayi.

Wanda ya turo bidiyon, na sake kallonsa bayan na gama binciken nan. Allon da ke ciki na gida ne, ba na kamfani ba, babu fitila ko ɗaya, mariƙan ma na katako ne, kuma karkatarsa za ta kai digiri 45. In kana da wani bidiyon irinsa ka turo. Sai mun haɗu a shiri na gaba.