Sau Biyu Annoba Ta Rufe Mana Makaranta a Abuja

 Wani ƙanena ne ya tambaye ni dalilin da ya sa har yau akwai tsohon bokiti mai famfo a ƙofar makarantarsu, babu ruwa a ciki, babu sabulu. Bokitin nan yana da tarihi, kuma a gabana aka yi.

A ranar 20 ga Yuli 2014 wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, ya mutu bayan kwana biyar. Likitar da ta hana shi fita daga asibiti, Dokta Stella Adadevoh, ita ma cutar ta kashe ta a watan Agusta. Lokacin muna dogon hutu, ina shirin shiga ƙaramar sakandare. Ban manta daren da aka yi ta bugo wa Baba waya daga gida ana cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri kafin asuba. Mun yi wankan, ba zan ɓoye ba. Daga baya muka ji har an rasa rayuka cikin waɗanda suka sha.

A ƙarshen Agusta Ministan Ilmi, Malam Ibrahim Shekarau, ya sanar cewa ba za a koma makaranta ba sai 13 ga Oktoba, kuma kowace makaranta ta horar da aƙalla ma'aikata biyu kan cutar. Masu makarantun kuɗi suka yi ca, sai aka dawo da ranar zuwa 22 ga Satumba, ita kuma ƙungiyar malamai ta ce ba ta yarda ba sai an kawo kayan kariya. Da muka koma, sai ga bokiti a ƙofa da malami riƙe da na'urar auna zafin jiki yana saita ta a goshin kowa kamar bindiga. Cutar ba a tabbatar da ita a Abuja ba ko sau ɗaya, a Legas da Fatakwal ta tsaya. A ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da ita. Makonni kaɗan muka rasa, kuma kowa ya dawo aji.

To, mai karatu, na 2020 daban ne. Ina aji shida aka samu mai korona na farko a Legas, 27 ga Fabrairu. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, ranar 30 ga watan kuma Shugaba Buhari ya sa dokar kulle a Abuja da Legas da Ogun. Aka ce a yi karatu ta rediyo da talabijin da intanet. Wannan magana ta yi wa 'ya'yan Maitama da Asokoro daidai. Mu a Dei-Dei waya ɗaya ce mai intanet a gidanmu, ta Baba, ita ce kuma yake ciniki da ita. A ranakun da aka bar masu kayan abinci su buɗe, sai ya ce, "Tunda ba makaranta, taso ka kama min." Aka raba ni da ɗalibai hamsin na ajinmu don kada na kamu, na koma cikin dubban mutane ina auna gero. Ban ga laifin Baba ba, abin da za mu ci ne.

Waɗanda suka fi mu shan wuya almajirai ne. Makarantar boko takarda ce ake aiko mata daga ma'aikata, yaro ya ɗauki jakarsa ya tafi gidan iyayensa. Almajiri kuwa makarantar ce gidansa. A watannin Afrilu da Mayu gwamnonin Arewa suka shiga kwashe su a motoci suna mayar da kowa jiharsa, a cunkushe, kuma da aka gwada wasu da aka kai Kaduna da Jigawa daga Kano an samu da dama ɗauke da cutar. Ni dai har yau ban gane hikimar hana yaro zama a aji sannan a cusa shi cikin mota ta awa huɗu ba.

Mu 'yan ajin ƙarshe aka kira mu ranar 4 ga Agusta, muka fara jarrabawar WAEC ranar 17, da takunkumi a fuska da taku biyu tsakanin tebura. Mako biyu na bita bayan fiye da wata huɗu a kasuwa! Na faɗi lissafi, sai shekarar da ta biyo na gyara. Sauran ajujuwa ba su koma ba sai Oktoba.

Abin da ba a rubuta a takardar ma'aikata ba shi ne waɗanda ba su dawo ba, kuma yawancinsu namu ne, 'ya'yan waɗanda neman abinci ya kawo Abuja. Idan kasuwa ta tsaya, mahaifi iyalinsa yake fara turawa gida. Abokina da muke tebur ɗaya an tura shi ƙauyensu a Zamfara kwana biyu kafin kulle, da cewa zai dawo bayan sallah. Ranar jarrabawa lambarsa na manne a kan teburin, ba kowa. Bara na haɗu da shi a Zuba yana sauke kankana daga mota, ya tambaye ni ko malamin lissafinmu yana nan.